KWANCEWAR MAƊAURAN SIFIRIN A TSOHUWAR A-KORI-KURA: Bayani ga Hakimai da Malamansu

1. Dalilin wannan takarda

An rubuta wannan 'yar takarda domin iyayenmu hakimai da malaman ofisoshinsu, bisa wata matsala wadda ido ya kan raina, amma ɓarnarta ba kaɗan ba ce, watau kwancewar ƙarafan da ke ɗaure sifirin ɗin mota. A gundumomi da yawa tsohuwar a-kori-kura ita ce jakin gari. Ita ke kai hatsi kasuwa, ita ke kawo taki, ita ce kuma a ke tayar da direbanta da tsakar dare a kai mai naƙuda asibiti. In ta lalace a daji, ba mai ita kaɗai ya yi hasara ba.

Motocin nan sun daɗe suna bauta. Land Rover ta fara fitowa a Ingila cikin 1948. Peugeot 404 ta fito a Faransa cikin 1960, 504 kuma cikin 1968, sa'an nan aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Peugeot a Kaduna cikin 1975. Toyota Hilux ta fito a Japan cikin 1968. Dukan waɗannan, in a-kori-kura ce, bayansu yana bisa sifirin mai falle-falle ne. Tsofaffin Land Rover kuwa, irin waɗanda aka yi ta ƙerawa daga 1948 har 1985, gaba da baya duk irinsa ne.

Ba nufinmu ba ne mu mai da hakimi makaniki. Abin da mu ke so shi ne, in an kawo ƙarar mota, ko an kawo takardar kuɗin gyara, hakimi da malaminsa su san abin da za su tambaya, su san kuma amsar da za su karɓa.

2. Yadda sifirin ya ke

Sifirin mai falle-falle tsohuwar dabara ce, ta girmi mota. Wani maƙerin keken doki a birnin Landan, Obadiah Elliott, shi ya yi rajistar wani irinsa cikin 1804. Fallayen ƙarfe ne masu tauri da dawowa, an jera su bisa juna, dogo a sama, gajeru suna biye, an tanƙwara su kamar baka. Ga sunayen sassansa, don maganar da ke tafe ta zama da sauƙin fahimta:

(a) Uwar sifirin. Ita ce fallen da ya fi tsawo. An naɗe bakinta biyu sun zama zobe, ana ce da su idanu. Cikin ko wane ido akwai bushin, na roba ko na ƙarfe, da ƙusa mai noti ta ratsa shi.

(b) Marataya. Ido ɗaya yana rataye ga wani ƙarfe da aka kafe jikin shasi, ba ya motsi.

(c) Shakul. Ɗaya idon yana rataye ga wasu 'yan ƙarafa biyu masu lilo. Dalilinsu shi ne, in kaya ya danne baka ya miƙe, tsawonsa ya kan ƙaru, tilas a ba shi wurin miƙewa.

(d) Santabol. Ƙusa ce siririya da ta huda fallayen duka a tsakiya ta haɗa su. Kanta yana shiga wani ɗan rami a kujerar da aka yi wa sifirin jikin aksil, watau ƙarfen nan da ya ratsa ƙarƙashin mota, wanda ƙafafu biyu ke bakinsa.

(e) Yubol. Maɗaurai ne biyu ga ko wane sifirin, masu siffar harafin U, da faranti na ƙarfe da noti huɗu. Su ke rungume aksil da sifirin su matse su wuri ɗaya.

(f) 'Yan ɗamaru. Su ne ƙananan ƙarafan da suka kewaye fallayen kusa da baki, don kada su baje kamar mafici.

To, abin da ya kamata a riƙe shi ne, a irin waɗannan motoci sifirin ba ɗaukar nauyi kaɗai ya ke yi ba. Shi ke riƙe da aksil a mazauninsa. In an taka mai, ta jikinsa ƙafafu ke tura mota gaba. In an taka birki, ta jikinsa ƙafafu ke tsai da ita. Saboda haka rayukan waɗanda ke cikin mota suna rataye ga notin nan takwas na baya.

Har wa yau a lura, santabol ba ita ke riƙe aksil ba. Aikinta nuna wuri ne kawai. Matsin yubol shi ke riƙewa. Ran da yubol ya saki, sai nauyin duka ya koma bisa santabol, ita kuwa ba a yi ta domin wannan ba, sai ta gutsure.

3. Ɗagawa iri biyu ce

In an ce an ɗaga mota, ana nufin ɗayan abu biyu. Na fari, a ɗaga ta da jak don a sake taya ko a duba ƙarƙashinta. Na biyu, a ƙara mata tsayi ɗungum, don cikinta ya yi nisa da ƙasa. A Amurka masu sha'awar tsofaffin motoci, irin su Ford F-100 da aka fara yi cikin 1953, su kan yi wannan don ƙawa da shiga daji. A wajenmu kuwa larura ce ke sa a yi, gama sifirin ya gaji ya kwanta, ga kwazazzabai da damina, ga lodi da kaka.

Iri biyun nan suna da dangantaka. Da ɗagawa ta farko a ke gane kwancewa, ta biyun kuwa ita ta fi jawo ta.

4. Kafin kowa ya shiga ƙarƙashi

Jak abin ɗagawa ne, ba abin dogara ba ne. Kada direba ko yaron mota ya sa ko da hannunsa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ga ƙa'ida:

A nemi wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, ba gangara. In rairayi ne a sa katako mai kauri ƙarƙashin jak. A sauke kaya da mutane. A sa waigi gaba da bayan ƙafafun da za su zauna ƙasa. In an ɗaga, a tokare shasi da dirkokin ƙarfe irin na gareji, ko da guntayen katako masu ƙwari a kwance, sa'an nan a sassauta jak har nauyi ya sauka bisansu. Kada a yi amfani da bulon siminti, gama ya kan farfashe farat ɗaya ba gargaɗi. Tayar da aka cire a tura ta ƙarƙashin shasi, ta zama kariya ta biyu.

Kada a dogara ga birkin hannu. A yawancin motoci ƙafafun baya kaɗai ya ke kamawa, in sun bar ƙasa ba shi da sauran amfani. A tsohuwar Land Rover kuwa ba ƙafafu ya ke kamawa ba sam, farfela ya ke riƙewa a bayan giya. Saboda haka in an ɗaga ƙafar baya guda ɗaya, haƙoran da ke cikin tulun aksil su kan bar ta ta juya a iska, motar ta gangara ta faɗo daga jak ko da an ja birkin hannu har ƙarshe. Waigi ne maganin wannan.

5. Motsin da ba laifi, da motsin da ke da laifi

Sa'ad da aka tokare shasi, aksil ya kan sauko ya rataya, nauyi ya bar sifirin. A nan ne mutane da yawa su kan firgita, su ga abubuwa suna motsi, su kama ɗaure ko wane noti da suka gani. Wannan kuskure ne, gama akwai abin da aka yi shi don ya motsa.

Ba laifi ba ne bakunan fallaye su ɗan rabu da juna. Ba laifi ba ne 'yan ɗamaru su ɗan yi sako-sako, gama in aka matse su ƙam fallaye ba za su zame bisa juna ba, mota ta yi tauri kamar amalanke. Ba laifi ba ne shakul ya yi lilo gaba da baya, aikinsa ke nan.

Amma waɗannan alamu duk na laifi ne:

(a) Notin yubol ya juya da yatsa, ko da ɗan taɓawar sifana.

(b) An ga garin tsatsa ja, mai laushi kamar jan kanwa da aka niƙa, kewaye da faranti ko kujerar sifirin. Ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Haka kuma in an ga wani wuri ya goge yana ƙyalli a gefen faranti.

(c) An ƙwanƙwasa noti da ƙaramar guduma ya yi amo maras daɗi, kamar fasasshiyar tukunya. Wanda ya ɗauru sosai ƙararsa tas ta ke fita.

(d) An sa ƙarfe an ɓanɓari idon sifirin, ya motsa gefe da gefe ko sama da ƙasa. Bushin ya cinye, ko ramin marataya ya zama kamar ƙwai.

(e) Marataya kanta tana motsi jikin shasi, ko akwai tsaga ko zanen tsatsa kewaye da ƙusoshinta.

(f) Fallaye sun goce daga layi a tsakiya, wani ya leƙo gaba wani baya. Santabol ta gutsure.

Akwai kuma gwaji guda wanda ba ya bukatar makaniki. A sauke mota ƙasa, a miƙe sitiyari sak. A ɗauki igiya a auna daga tsakiyar ƙafar gaba zuwa tsakiyar ƙafar baya a hannun dama, a ƙulla alama, a kai igiyar hannun hagu. In awon bai zo ɗaya ba, aksil ya goce. Irin wannan mota in ka bi bayanta za ka ga tana tafiya a karkace kamar ƙaguwa, tana kuwa cinye taya da sauri.

Direba mai lura ya kan ji alamun tun bisa hanya: ƙara ƙwas daga baya in ya tashi ko ya taka birki, ko mota ta ja gefe guda in ya taka mai, ta koma ɗaya gefen in ya saki.

In sifirin ya riga ya karye, wurin karayar shaida ne. In ya karye a tsakiya, ta ramin santabol, tsakanin yubol biyu, to, kusan ko yaushe yubol ne ya saki, gama in sun matse sosai wurin nan ba ya lanƙwasa ko kaɗan. In kuwa ya karye can waje da su, gajiya ce ta tsufa, ko yawan lodi, ko tsatsa. Malami ya nemi a nuna masa karyayyen fallen kafin ya rubuta dalili.

6. Hanyoyin ƙara tsayi, da haɗarin ko wace

Ƙara falle. Ita ce aka fi yi a wajenmu. Tana ɗaga mota, tana ƙara tauri. Amma tun da kaurin sifirin ya ƙaru, tilas a sa sabuwar santabol da sababbin yubol masu tsawon da ya dace. Kuma kafin a kwance santabol sai an matse fallayen da ƙarfen matsi a gefe biyu, a sassauta a hankali, gama akwai ƙarfi a ɓoye cikinsu, in suka fallatsa su kan karya hannu ko haƙori. Abin da ya fi muhimmanci kuwa, ƙarin falle ba ya ƙara wa aksil ƙarfi, ko taya, ko birki, ko shasi. Motar da aka yi don ɗaukar tan ɗaya, tan ɗaya za ta ɗauka lafiya ko an tara mata fallaye goma sha biyar. Falle yana ɓoye yawan lodi ne kawai ga ido.

Sake tanƙwara sifirin. A kan kai gajiyayyen sifirin a mayar masa da bakansa. In an yi da guduma kawai, sau da yawa ya kan sake kwantawa ba da daɗewa ba. In za a yi, a yi wa dama da hagu tare.

Dogon shakul. A sani, in an ƙara wa shakul inci 2, motar inci 1 kawai za ta tashi, ko kusa da haka, gama baki ɗaya ne na sifirin aka saukar, aksil kuwa yana tsakiya. Dogon shakul yana ƙara layi gefe da gefe, yana karkata bakin aksil, in kuwa a gaba ne yana ɓata zaman sitiyari.

Dungun ƙarfe tsakanin aksil da sifirin. Wannan yana ɗaga mota ne in sifirin yana bisa aksil, kamar bayan Hilux mai jan ƙafa huɗu. In sifirin yana ƙarƙashin aksil, kamar a tsohuwar Land Rover, dungu saukar da mota zai yi. Tilas dungun ya zama yana da rami a fuska ɗaya da ɗan toho a ɗayar, don kan santabol da ramin kujera su sami abin kamawa. Kada a ɗora dungu bisa dungu. Kada a sa shi a aksil na gaba ko da wasa, gama can ne sitiyari da yawancin ƙarfin birki su ke. Kuma ko a baya, tsawon dungu yana ƙara wa aksil ƙarfin murɗa sifirin, kamar yadda doguwar ƙota ke ƙara wa fartanya ƙarfi, wannan murɗawa kuwa tana sassauta noti.

Ko ta wace hanya aka bi, in mota ta tashi sai a duba abubuwa biyar. Robar man birki, kada ta miƙe tsam in aksil ya rataya. Wayar birkin hannu. Tsawon shakazoba. Farfela, kada ta kusa zarewa daga mazuginta, kada kuma ta kama rawa in an yi gudu. Fitilun gaba, kada su haska sama. A tuna kuma motar da ta yi tsayi ta fi saurin kifewa a kwana, balle in an yi mata lodi har bisa.

7. Abin da ke sa sabon ɗauri ya kwance

Sau da yawa a kan ji mai mota yana cewa, "Ai jiya-jiya aka ɗaure." Gaskiya ne an ɗaure, amma ga abubuwan da ke warware aikin:

(a) Mai da tsohon yubol. In an ɗaure yubol sau ɗaya ya kan ɗan miƙe, zarensa kuma ya kan sake siffa. In aka mai da shi, sifana za ta ji tauri amma matsin bai kai ba. Ƙa'idar masu ƙera sifirin ita ce, yubol in an kwance shi a sa sabo.

(b) Tsatsa, ƙasa da fenti mai kauri tsakanin fallaye ko bisa kujera. Ana ɗaurewa bisansu, in mota ta hau gargada sai su niƙe su zube, wuri ya samu, noti ya saki.

(c) Noti ya kai ƙarshen zare. In yubol ya yi tsawo da yawa, noti ya kan tsaya inda zare ya ƙare tun bai matse faranti ba. Makaniki ya ji ya yi tauri, alhali banza ne.

(d) Siffar da ba ta dace ba. Akwai yubol mai zagayayyen wuya, akwai mai kusurwa, akwai na tsaka-tsaki. In wuyan bai kwanta daidai bisa abin da ya runguma ba, da tafiya zai sake zama ya saki.

(e) Kan santabol bai faɗa raminsa ba, ko ya fi ramin tsawo, sifirin ya zauna bisa kan ƙusa maimakon bisa kujera.

(f) Gauraya ma'auni. Peugeot da Toyota da milimita aka yi ƙusoshinsu. Tsofaffin motocin Ingila da na Amurka da inci aka yi su, kuma ko cikin inci zare iri-iri ne. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, watau rabin inci ya zama 12.7, ya yi kusa da milimita 12 amma ba ɗaya ba ne. Notin da ba nasa ba ya kan hau zagaye biyu ko uku ya cije, ko ya hau sako-sako ya cinye zare.

(g) Ƙarfe maras ƙwari. Ƙusa ta ƙwarai tana da shaida a kanta. A ta milimita za a ga lamba, kamar 8.8 ko 10.9. A ta inci irin ta Amurka za a ga 'yan layuka, uku ko shida, mai shida ta fi ƙarfi. Wadda kanta ya ke fili ba kome, kada a sa ta a idon sifirin ko shakul. Araha ba ta ado.

(h) Lanƙwasasshen faranti, ko wosha mai laushi wadda noti ke nutsewa cikinta.

8. Yadda a ke ɗaurewa

Da fari a kankare kujera da fallaye da faranti har ƙarfe ya fito fes. A tabbata kan santabol ya faɗa raminsa a dama da hagu. A sa sababbin yubol da wosha masu tauri da sababbin noti. A hau da notin da hannu tukuna; in ya ƙi hawa da hannu, akwai dalili, kada a tilasta shi.

Sa'an nan a ɗaure notin huɗu kaɗan-kaɗan, a gicciye, na gaba dama, na baya hagu, na gaba hagu, na baya dama, a yi ta zagayawa sau uku ko huɗu, kamar yadda a ke jan tsirkiyar ganga don fata ta miƙe daidai. In an gama ɗaya ƙam kafin a taɓa sauran, faranti zai karkace. Ko wace mota tana da adadin ƙarfin da aka ƙayyade wa notinta cikin littafinta, akwai kuma sifana mai ma'auni wadda ke nuna an kai. A nemi garejin da ke da ita. Ɗora dogon bututu bisa sifana a hau da ƙafa ba gwaninta ba ce, gama abin da ya wuce kima ya kan miƙar da ƙarfe ya kashe ƙarfinsa.

Ƙusoshin idanu da na shakul suna da tasu ƙa'ida dabam. In bushin na roba ne, a sa su sako-sako tukuna, a sauke mota bisa ƙafafunta, a girgiza ta ta zauna, sa'an nan a ɗaure. Dalili kuwa, in an ɗaure tana rataye, da an sauke ta robar za ta murɗe ta zauna a murɗe, ba da daɗewa ba ta yage, ƙara ta dawo. In bushin na ƙarfe ne, a ba shi giris, a ɗaure yadda shakul zai iya lilo ba tare da ya yi kaɗa-kaɗa ba.

Aiki bai ƙare ran da aka fito gareji ba. Sabon ɗauri ya kan zauna. Bayan tafiyar kamar kilomita 100 a mai da mota a sake bin notin yubol da sifana. A sake bayan kamar kilomita 800. Daga nan a riƙa dubawa duk sa'ad da aka yi juyen mai, da farkon damina, da farkon kaka. In an gama, a ja layin farin fenti daga noti zuwa faranti. Ran da layin ya rabu biyu, ko yaro ya san noti ya juya.

9. Abubuwan da ba a yi

Ba a yi wa fallen sifirin walda, ba a kuwa gasa shi da wuta, gama zafi yana kashe taurin da aka ba shi, zai karye kusa da wurin. Ba a lanƙwasa rodin gini a yi yubol da shi. Ba a like noti da walda don kada ya kwance, gama in ɗauri ya zauna ba sauran hanyar ƙara shi. Ba a cusa katako ko tsohuwar taya tsakanin aksil da sifirin. Ba a sake sifirin gefe ɗaya a bar ɗayan gajiyayye. In larura ta sa an ɗaure karyayyen sifirin da igiya ko waya a daji, a sauke mutane da kaya, a lallaɓa zuwa gari mafi kusa, kada a ce ai ta riƙe a ci gaba da aiki.

10. Aikin malami da na hakimi

Ya kamata malami ya buɗe shafi cikin littafinsa domin ko wace mota da ke hidimar gunduma. Ya rubuta ranar da aka taɓa sifirin, da abin da aka sake, da lambar da agogon tafiya ya nuna, da ranar da za a koma a sake ɗaurewa. In agogon ya mutu, kamar yadda ya ke a tsofaffin motoci da yawa, a ƙidaya da tafiya: malami ya san nisan garinsa da hedkwata, ya san sau nawa za a je a dawo a cika kilomita 100. In an kawo takardar kuɗi, ya tambaya: An sa sababbin yubol? Ina tsofaffin? A ƙasa aka ɗaure shakul ko a rataye? Yaushe za a komo? Makaniki na ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Hakimai kuwa, ranku ya daɗe, maganarku tana da nauyin da takarda ba ta da shi. In kun tara dagatai da masu unguwa, ko kun gana da shugabannin direbobi na tasha kafin kaka, a ja kunnen masu motoci bisa abu uku: yawan lodi, shiga ƙarƙashin mota bisa jak kaɗai, da barin mota tana ƙara ana cewa sai an gama kasuwa. Direban da ya zo ya ce motarsa tana bukatar tsayawa kwana ɗaya, a saurare shi, kada a ɗauke shi malalaci. Kuɗin yubol huɗu da notinsu bai kai kuɗin taya ɗaya ba, balle na aksil, balle ran mutum. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ana roƙon malamai su karanta wa direbobi sashi na 4 da na 5 da na 8, su kuma ajiye takardan nan cikin littafin mota. Allah ya kiyaye hanya. Haza wasalam.